Wasiƙa: Mai son gane fugar Bach ya riƙe fensir kafin ya nemi littafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili domin wata magana da ta shafi yaranmu na zango masu karatun kiɗa. Ba su da yawa, amma akwai su: waɗanda suka ɗauki darasin kiɗa a sakandare, waɗanda suka samu shiga sashen kiɗa a jami'ar Legon ko ta Winneba, da samarin Nima da Mamobi da Madina masu kaɗa kibod a sutudiyo da gidajen biki, waɗanda suka fara koyon karanta nota. Duk wanda ya yi nisa a cikinsu sai ya ci karo da fuga, kuma a nan ne da yawa suke cijewa. Abin da suka saba yi shi ne su nemo jadawalin da wani ya riga ya tsara a intanet, su haddace, su zuba a takardar jarrabawa. A kunna musu kiɗan kuwa, ba za su iya ɗaga hannu a inda jigo ya shigo ba. Kayan karatun wannan fanni yanzu suna nan birjik, mafi yawansu kyauta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin wanne za a fara ɗauka, wanne za a ajiye sai an jima.

Ga wanda bai san ta ba, fuga kalmar Latin ce mai ma'anar gudu. Wani salon tsara kiɗa ne da ya bunƙasa a Turai a zamanin da ake kira Barok, daga wajejen 1600 zuwa 1750. Murya ɗaya ce ke fara kawo wata gajeriyar karin waƙa ita kaɗai. Wannan karin zan kira shi jigo. Sai murya ta biyu ta ɗauki jigon a wani ki, wato matakin sauti, na daban, sai ta uku. Wani zai ce ai wannan amshi ne, mun san shi tun a dandali. Akwai bambanci. A waƙar amshi zabiya na bayarwa ta saurara, 'yan amshi su karɓa. A fuga wadda ta fara ba ta saurarawa, ci gaba take da tata tafiyar a gefen mai amsawa, har muryoyin su tufku kamar igiya mai zare uku, ga shi kuma mutum ɗaya ne ke kaɗa su duka da yatsu goma. Wanda ya taso yana jin kiɗan gangunan Akan irin su adowa ko kete, inda ƙararrawa ke nata, kowace ganga na nata, kunnensa ya riga ya saba da bin abu uku a lokaci guda. Aikin da ya rage masa shi ne ya mayar da wannan kunnen kan muryoyin da duk launinsu ɗaya ne.

Johann Sebastian Bach, wanda aka haifa a 1685 ya rasu a 1750, shi ne wanda ake karatu a kansa. Kundinsa da Jamusawa ke kira Das Wohltemperierte Klavier kashi biyu ne: na farko ya kammala a 1722 a garin Köthen, na biyu a wajejen 1742 a Leipzig. Kowane kashi yana da share-fage da fuga guda 24, ɗaya a kowane ki, jimla 48. Ga iyayen da ke ɗari-ɗari, waɗannan ba waƙoƙin ibada ba ne, babu kalma ko ɗaya a cikinsu. Bach da kansa ya rubuta a bangon kashi na farko cewa ya yi su ne domin amfanin matasa masu son koyo, da kuma nishaɗin waɗanda suka riga suka ƙware.

Abu na farko da ɗalibi ke buƙata shi ne takardar kiɗa mai tsabta. A shafin IMSLP, rumbun takardun kiɗa na intanet, ana samun bugu iri-iri kyauta, kuma a nan tarkon yake, domin wanda ya fi yawo a shagunan fotokwafi shi ne zuriyar bugun Carl Czerny na 1837. Czerny ya cika shafukan da alamomin ƙarfi da laushi da sauri waɗanda Bach bai rubuta ba, wani wuri ma ya taɓa notocin. Akwai gwaji mai sauƙi. A buɗe share-fage na farko, na C meja, a ƙirga gidajensa, wato sararin da ke tsakanin kowace sanda biyu ta tsaye. Bach ya rubuta 35. In an samu 36, to an cusa wani gida tsakanin na 22 da na 23, wanda ake dangantawa da wani makaɗin Hamburg mai suna Schwencke, kuma wannan bugun bai dace da nazari ba. A IMSLP ɗin dai akwai bugun Franz Kroll na 1866, tsoho ne amma ba shi da kwalliyar ƙarya.  Mai hali ya sayi bugun Henle ko Bärenreiter. Mai zana jarrabawar ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Birtaniya, kuma ya nemi nasu bugun na Richard Jones, wanda ke ɗauke da sharhin Donald Tovey. Akwai kuma Open Well-Tempered Clavier na 2015, inda Kimiko Ishizaka ta kaɗa kashi na farko aka sake shi ga jama'a, sauti da takarda duka, babu haƙƙin kowa a kai. Kowanne aka zaɓa, a sauke shi a buga a takarda. Nazarin fuga a fuskar waya wahala ce, ga dumso, ɗaukewar wuta, ba ya sallama.

Shawarata ita ce a fara da fuga ta biyu a kashi na farko, ta C maina, mai lamba BWV 847. Murya uku ce, gida 31, shafi biyu kacal. Kada a buɗe littafin kowa tukuna.

A samu takarda mai layukan kiɗa, a ware wa kowace murya nata layukan: ta sama, ta tsakiya, ta ƙasa. A kwafe fugar da hannu, murya ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan a dawo a ɗauki ta biyu. Aikin zai ci yamma biyu ko uku, kuma shi ne rabin nazarin. Dalili kuwa, takardar kibod layuka kashi biyu gare ta, na hannun dama da na hagu, muryoyi kuma uku. Ta tsakiya ba ta da gidan kanta, yau tana sama gobe tana ƙasa, hannun da ya fi kusa ne ke ɗaukar ta. Mai karatu a gaggauce yakan ɓatar da ita, ya liƙa notocinta ga maƙwabciyarta. Abin da ke nuna hanya shi ne jelar nota, ko ta kalli sama ko ta kalli ƙasa, da kuma alamomin hutu. In aka gama kwafe gida aka ga wata murya ba ta cika bugu huɗu ba, to an sace mata nota ko an manta da hutunta.

Ga jigon a solfa, tunda ita yawancin yaranmu suka fara sani, la tana kan C: la se la mi fa, la se la ti mi, la se la ti re mi fa mi re do. Nota 20 ne, kuma ba a kan bugun farko yake farawa ba, akwai ɗan hutu na rabin bugu a gabansa. A rera shi har ya zauna a baki. Sannan a ɗauki jan fensir a bi takardar ana neman inda ya fito cikakke. Sau takwas ne: muryar tsakiya a gida na 1, ta sama a na 3, ta ƙasa a na 7, ta sama a na 11 cikin E filat meja, ta tsakiya a na 15 cikin G maina, ta sama a na 20, ta ƙasa daga tsakiyar na 26, sai ta sama daga tsakiyar na 29. Wanda ya ƙirga fiye da takwas ya faɗa ramin da Bach ya haƙa. A gida na 9 da na 10 muryoyin sama biyu suna jefa wa juna kan jigon kawai, notocin nan biyar na farko, ba sa ƙarasawa. Kunne ya ji kamar jigo ya shigo, ashe leƙe ya yi. Irin waɗannan wurare da jigo ba ya nan cikakke zan kira su ratse, kamar yadda masu nazarin waƙa ke cewa, kuma aikinsu shi ne ɗaukar kiɗan daga wani ki zuwa wani. Ratsen gida na 9 shi ya kai mu E filat.

Sai maganar amsa, wadda ita ce ke kayar da ɗalibai a jarrabawa. Jigo ya fara da C, B, C, G. Da a ce amsar da ke gida na 3 kwafi ce sak a tazarar biyar, da ta zama G, F shaf, G, D. A duba takardar: Bach ya rubuta G, F shaf, G, C. Nota ta huɗu ya sauya. Ba kuskuren maɗaba'a ba ne. Jigon ya taɓa G tun da wuri, ita ce ta biyar a kin C, don haka amsar take mayar da martani da C domin kunne kada ya bar kin gida tun kiɗa bai je ko'ina ba. Wannan ita ce amsa mai gyara. Wadda ba a taɓa ko nota ɗaya ba, kamar ta fuga ta farko a C meja, ita ce amsa sak. Hanyar ganewa guda ce: a rubuta jigo a sama, amsa a ƙasansa, a auna tazarar kowace nota da ta gaba da ita. Inda lissafi ya saɓa, nan gyaran yake.

Da shuɗin fensir kuma a bi abin da muryar tsakiya ke yi a gida na 3 yayin da ta sama ke amsawa: gangarowa da sauri a kan tsani, sannan tafiya a hankali. Wannan ɗan rakiyar jigo ne, domin kusan duk inda jigo ya je sai an gan shi. A gida na 7 wani ɗan rakiya na biyu ya bayyana, a ba shi kore. Yanzu a dubi launukan. A gida na 7 ja na ƙasa, shuɗi na sama, kore na tsakiya. A na 11 ja na sama, shuɗi na ƙasa. A na 15 ja na tsakiya, kore na ƙasa. Abu uku ne Bach ke ta sauya musu wurin zama. Hanyoyi shida ake iya jera abu uku, ya yi amfani da biyar. Wannan ba ya yiwuwa sai an gina su da lissafi tun farko. In murya ta ƙasa ta koma sama da okta ɗaya, wato tazarar takwas, tazarar uku takan zama shida, shida ta zama uku, duka masu daɗi. Amma biyar takan zama huɗu, ita kuwa huɗu a kan muryar ƙasa ana ɗaukar ta mai tsami a wancan zamani, sai an lallaɓa ta. Shi ya sa in aka ƙirga tazarar da ke tsakanin jigo da ɗan rakiyarsa za a ga uku da shida sun yi rinjaye. Ɗalibin da ya gwada rubuta nasa ya cika shi da biyar, da ya juya sai ya ji abin ya yi ɗanye, bai san dalili ba.

A ƙarshen fugar muryar ƙasa ta kafe a kan C har gida biyu da rabi, Bach ya ƙaro notoci fiye da muryoyi uku, ya rufe da E wadda ba filat ba, sai kiɗan maina ya ƙare da hasken meja. Mai kwafe kada ya ruɗe a nan, dokar ce aka sassauta.

Bayan ido, sai kunne. MuseScore manhaja ce ta kyauta. A shigar da muryoyin uku kowacce a layinta, a ba kowacce kayan kiɗa daban, a riƙa kashe ɗaya ana rera ta da baki yayin da biyu ke tafiya. Wanda ba shi da kwamfuta, abokai uku su zauna kowa ya ɗauki murya. Game da kibod, labari mai daɗi: kashi na farko bai wuce okta huɗu ba, don haka ƙaramar Yamaha mai maɓalli 61 ta wadatar. A kashe ganga da rakiyar da na'urar ke yi da kanta, a cire feda. A gwada sautin ogan, domin shi ba ya mutuwa sai an ɗaga yatsa, yana tona asirin duk wanda ya saki nota kafin lokacinta ko ya riƙe ta fiye da ƙima. Ga masu saurare a YouTube, ƙungiyar Bach ta ƙasar Holan tana da shirin All of Bach kyauta, ana ganin hannun makaɗi. Sai dai masu kaɗa hafsikod, kibod ɗin zamanin Bach, galibi suna ɗaure kayansu rabin taki ƙasa da yadda aka saba yau. Wanda ya bi su da kibod ɗinsa zai ji kamar ana faɗa. A sauke tiransifos da ɗaya, magana ta ƙare. A kuma saurari mutum biyu aƙalla, misali Glenn Gould da András Schiff, don a ji yadda takarda ɗaya ke haifar da kiɗa biyu.

Yanzu ne littafi ke da amfani, domin ɗalibi ya zo da nasa ra'ayin da zai gwada da na malamai. Littattafan Ebenezer Prout, na fuga na 1891 da na nazarinta na 1892, sun tsufa har sun zama na kowa, ana samunsu kyauta. Wajen bayanin amsa mai gyara har yau da wuya a samu wanda ya fi shi haƙuri. A yi hattara da abu ɗaya: littattafan wancan ƙarni, musamman na makarantar Faris, suna koyar da fugar jarrabawa mai tsari ƙayyadadde, sai ɗalibi ya zaci kowace fuga dole ta bi wannan layi. Fuga ta farko a C meja ta rushe wannan zato. Murya huɗu, gida 27, babu ɗan rakiya tsayayye, ratse kusan babu. Jigo ne ke ta hawa kan jigo, wata murya na shigowa tun wadda ta riga ta ba ta gama ba. Turawa na ce wa wannan sitireto, ni rige-rige nake ce masa. Sharhin Tovey gajere ne, mai kaifi, ya fi amfani ga mai kaɗawa. Siglind Bruhn ta bi 48 ɗin ɗaya bayan ɗaya da zane-zane, tana da kyau wajen duba ko ƙirgenka ya yi daidai, kuma ita ce aka fi kwafewa a haddace, abin da nake kuka a kai. Littafin David Ledbetter na 2002 shi ne na ɗalibin jami'a mai rubuta kundi, domin ya haɗa tarihin kayan kiɗan da yadda ake ɗaure su da bayanin kowace fuga. A tambaya a laburaren Balme na jami'ar Legon kafin a kashe sidi. Na Joseph Kerman na 2005 jami'ar Kalifoniya ta sake shi kyauta a intanet, ya zaɓi wasu fugogi ne kawai, amma yana koya wa mutum yadda ake rubutu a kan kiɗa ba tare da an mayar da shi lissafin kanti ba. Gradus ad Parnassum na Fux, na 1725, da littafin Marpurg na 1753, Alfred Mann ya fassara sassansu zuwa Ingilishi. Waɗannan na mai son ya tsara tasa fugar ne.

Masu son ganin rubutun hannun Bach su shiga Bach Digital. Na kashi na farko yana ajiye a Balin, na biyu a Landan. Abu biyu ke rikita baƙo a can. Layukan hannun dama Bach ya rubuta su ne da wata alama ta daban, inda layin ƙasa yake C, ba E da aka saba ba, don haka mai karantawa da idon yau zai ɗaga kowace nota da tazarar uku. Na biyu, a wajen Jamusawa harafin B yana nufin B filat, B tamu kuwa H suke ce mata. Wanda ya nemi fugar B maina sai ya nemi h-Moll.

Wani zai tambaya, me Bahaushen Nima zai yi da wannan? Hausa harshe ne mai karin sauti, kamar Twi da Ewe. Mai tsara waƙar muryoyi da yawa in ya sa murya ɗaya ta hau ɗaya ta sauka a kan kalma guda, ɗayarsu ta ɓata ma'anar. Ephraim Amu, mai tsara waƙa ɗan Gana wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1995, ya yi ta fama da wannan matsala a waƙoƙinsa, yana son karin waƙa ya bi karin magana. Dabarar fuga tana ba da mafita: kowace murya ta faɗi jimlar da karinta daidai, amma a lokuta daban. Kifar da jigo, inda hawa ke zama sauka, shi ne ba zai yi da kalmomin Hausa ba, sai dai a bar wa kayan kiɗa.

Wanda C maina ta yi masa nauyi ya ja baya kaɗan. Bach yana da ƙananan darussa 15 masu murya biyu da wasu 15 masu murya uku, na 1723. Akwai kuma Ariadne musica ta Fischer ta 1702, fugoginta gajeru ne ƙwarai, da na Pachelbel fiye da 90 da ya rubuta a Nuremberg. Wanda kuma ya gama da ita ya wuce ta 21 a B filat meja, ita ma murya uku da 'yan rakiya biyu, sannan ta 16 a G maina don ya ɗanɗana murya huɗu, sannan ta farko. Ta 8, inda jigo ke kifewa ya kuma miƙe ya ninka tsawonsa, da ta 4 da ta 22 masu murya biyar, a bar su sai shekara ta zagayo.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shafukan nan biyu na fugar C maina a bugun Kroll ba mallakar kowa ba ne. In jaridar ta buga su tare da wannan wasiƙa, da lambobin gidaje a sama, yaron da ba shi da kuɗin data zai iya yanke su ya fara kwafewa a daren nan.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Wani malamin kiɗa,
Nima, Ankara, Gana